Ciwon da Na Ɗora wa Yaya

Tukunyar miya biyu ake ɗorawa a gidanmu na Lahodu tun ban yi aure ba: babba ta gida, da 'yar ƙarama ta Yaya, wanda nake bi. A tasa ba nama, ba romo, ba man shanu. Kuka ce ko kuɓewa, da daddawa da albasa da ɗan man gyaɗa. Fura ma da ruwan tsamiya yake dama tasa, ba ya yarda nono ya taɓa ta. Ƙwai ba ya ci, kifin gulbi ba ya ci, takalmin fata ma ya daina sawa, sai na roba. Ni kuwa, Allah ya sani, in na tsoma hannu a miya ban ci karo da tsoka ba sai in ji an yi mini rowa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma a wajen abinci ba mu taɓa haɗa kwano ba.

Daga shanun noma abin ya samo asali. Yadda ake yi a wajenmu, mutum ya sayi maruƙa biyu ya koya musu jan garma, su yi masa damina 'yan shekaru. In sun yi jiki sai a ɗaure su a turke, a ɗura musu harawa da dusa, a kai su kasuwar Achida a sayar, a sayo ƙanana. Kowa haka yake yi, Baba ma haka yake yi. Yaya ne mai riƙe garma tun yana saurayi. Wata damina ɗaya daga cikin shanun ya faɗa rami ya karye ƙafa, aka kira mahauta suka yanka shi nan cikin gona, ɗan'uwansa yana tsaye yana kallo. Wanda ya rage ya yi ta kuka, ya ƙi ci, ya ƙi sha, Yaya yana zaune gefensa. Da aka kawo tuwo da naman a miya, Yaya ya dubi kwanon ya tashi. Daga baya ya je Giyawa wajen dangin Inna, ya ga yadda ake ɗaure maraƙi gefe yana kuka ana tatsar uwarsa, ya dawo ya ce nonon ma ya bari.

Bai taɓa yi wa kowa wa'azi ba. In ka tambaye shi, amsa ɗaya ce: "Halal na, ban ce haram ba. Ni dai ban iyawa." Ranar layya yakan yi sallar idi, ya gaida mutane, ya wuce fadama sai an gama fiɗa.

To amma mutane ba sa barin mutum. Da farko dariya ce, abokan wasa suna bin sa da tsire suna cewa ya shinshina ko ya farfaɗo. Daga baya abin ya fi ƙarfin wasa. Wasu samari da suka fara karatu suka soma cewa a majalisa, ai wanda ya ƙi abin da Allah ya halatta yana nema ya fi Annabi tausayi ne. Wannan magana ba ƙarama ba ce a garinmu, kowa ya san inda take iya kai mutum. Yaya ba ya da baki. Ni ce mai bakin gidan, tun ina ƙarama Inna take cewa in an taɓa ɗaya daga cikinmu ni ake saki.

Sai na ce ciwon ciki gare shi. Na faɗa a rijiya, na faɗa a gidan suna, na faɗa a Rabah da aka kai ni aure. Maganar ta yi aiki na ɗan lokaci, har ranar da wata tsohuwa mai shegen wayo ta dube ni a gidan biki ta ce, "To ɗiyata, cikin nashi takalmi shika sawa? Mi ya haɗa ciwon ciki da takalmin hwata?" Mata suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, kuma ba na son a kayar da ni a taro. Sai na sassauta murya na ce wa tsohuwar, "Inna, ku dai ku yi mashi addu'a. Tun randa anka yanka san nan cikin gona wani abu ya taɓa shi." Dariya ta tsaya cak. Aka hau cewa wayyo, Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya. Daga ranar samarin nan suka sake shi, don ba a jayayyar addini da wanda iska ta shafa.

Maganar ta koma kunnensa. Ya same ni na zo ganin gida, ya ce, "Ke, mi kike hwaɗa ma mutane?"

Na ce, "Kare ka nike yi, tunda kai ba ka iya kare kanka."

Ya yi dariya ya ce, "Lahiyata lau." Bai ƙara ba, ni ma ban bari ba. Shekara da shekaru ina faɗa, kuma har ga Allah ina ganin alheri nake yi masa.

Shanun Baba na ƙarshe, ɗaya ciwo ya kashe shi, ɗayan ya rage: wani farin sa mai gajeren ƙaho da leɓe har gwiwa. Lokacin sayar da shi ya yi, ya wuce, Yaya ya roƙi Baba a bar shi. Baba ya tsufa, ba ya son hayaniya, ya ce a bari. San ya daina noma, ya zauna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida yana cin harawar da Yaya yake yankowa daga gonarsa. Da safe kafin ya tafi fadama sai ya tsaya ya sosa masa wuya, ya cire masa kaska, ya yi masa 'yan maganganu. Babban wanmu, wanda yake kasuwancin albasa a Wurno, duk zuwan da zai yi sai ya tsaya ya dubi san ya girgiza kai, ya ce dukiya tana tsufa a turke.

Da Baba ya rasu aka zo rabon gado. Gida da gonakin tudu ba su ba da wahala ba. Yaya ya samu wata 'yar siririyar fadama ta wajen Goronyo mai rijiya ɗaya, wadda dama shi yake noma ta, albasa da tafarnuwa da rani, shinkafa da damina. Da ita yake ciyar da matarsa da 'ya'yansa. Sai aka zo kan sa. Sa ba ya yankuwa kashi-kashi yana da rai, dole a sayar a raba wa magada. Yaya ya ce shi yana so. Aka ce to ya biya sauran. Ina zai samu? Babban wanmu ya ce in Yaya zai bar masa fadamar, shi zai biya kowa rabonsa na san, Yaya ya riƙe abinsa. Ban ce mugunta ya yi ba, ɗan kasuwa ne ya ga hanya. Yaya ko tunani bai tsaya yi ba, ya ce ya yarda.

Washegari matar Yaya ta hau babur ta zo mini Rabah, ko gaisawa ba mu gama ba ta fashe da kuka. Ta ce, "Gwaggon yara, ki taimake ni. Shekara nawa ina ɗora tukunya biyu ban taɓa ƙorahi ba. Amma hwadamar nan ita ta cinmu, ita ta suturarmu. Tsohon sa za mu ci?" Maganarta gaskiya ce, ba abin da zan cire a ciki. Ni na ce kada a sa hannu a komai a gida, a kai maganar gaban alƙali. Ni na kira 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya har aka yarda.

Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana, kuma ba zan ɗora masa laifin kowa ba. Ya saurari babban wanmu, ya saurari matar Yaya, sannan ya ce Yaya ya matso.

Ya ce, "Kana cewa cin nama haramun ne?"

Yaya ya ce, "A'a, Allah shi gafarta Malam."

"Wani malami ne ya ɗora ka a kan wannan? Ko alwashi ka yi?"

"Babu ko ɗaya."

"To mene ne dalilinka?"

Yaya ya gyara tsayuwa, ni kuwa ina cewa a raina kai dai ka buɗe baki mana. Can ya ce, "San nan da ƙarhinshi munka ci gero shekaru. Ya san muryata, in na yi tahiya shina ƙin cin abinci. Na san inda za a kai shi in an saida. Ni a ganina abin da ke jin tsoro, ke jin zahi, in ina iya rayuwa ba tare da na ci shi ba, bai kamata in ci ba. Ban ce ma kowa shi bi ni ba. Ina roƙo dai a bar ni da wanga guda."

Tunda nake ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan ba. 

Alƙali ya jinjina kai. Ya ce shari'a ba ta tilasta wa kowa cin nama ba, kuma baligi mai hankali yana da ikon yin abin da ya ga dama da dukiyarsa, ko da mutane suna ganin ya yi asara. Ya ce in wannan abu ne da mutumin nan ya yarda da shi a zuciyarsa da cikakken hankalinsa, to shi ba zai shiga tsakaninsa da shi ba, sai dai ya yi masa nasiha a kan haƙƙin iyali. Amma in lalura ce take sa shi, wajibi ne a tsare masa dukiyarsa, don shi da 'ya'yansa. Sai ya ce, "A cikinku wa ya fi saninsa?"

Kowa ya juyo ya dube ni.

Na tashi. Matar Yaya tana gefena ta riƙe bakin mayafina. Yaya ma ya juyo, kuma wallahi fuskarsa a sake take, don ya san duk duniya ba wanda ya san lafiyar hankalinsa kamar ni. Ni da nake kawo masa rigimar gidan mijina ya warware mini. Ni da ban taɓa yanke wata shawara babba ba sai na ji ta bakinsa.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ba shi da lahiya. Tun shina saurayi abin ya same shi."

Ban yi wahalar faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Bakina ya saba. Alƙali ya tambayi dattawan da suka rako mu, kowanne ya ce ƙwarai, an daɗe da sanin haka, duk Lahodu an sani. Ba wanda ya tsaya ya tuna daga bakin wa ya fara ji. Alƙali ya ce shi ba likita ba ne, ba zai kira mutum mai taɓin hankali ba, amma da wannan shaida ba zai tabbatar da musayar ba. Fadama ta zauna a hannun Yaya, kada a sayar, kada a musanya. Sa kuma a kai kasuwa a raba wa magada.

Yaya bai dube ni ba da muka fito. Bai kuma yi mini faɗa ba, ko a ranar ko bayanta. Da ma ya zage ni, da na samu abin ramawa, don a nan na fi ƙarfi.

Ranar kasuwa aka kawo mota, san ya ƙi hawa. Masu lodi suka fara murɗa masa wutsiya, ɗaya ya ɗaga sanda. Yaya ya ce su bari. Ya kwance igiyar da hannunsa ya kama hanyar Achida da ƙafa, san yana bin sa a hankali ba tare da an ja shi ba. Ni ma na zo gida ranar, ina soro ina leƙe. An ce da ya damƙa igiyar ga dillali bai tsaya jin ciniki ba, ya juyo. Rabona da aka kawo mini na karɓa, ban ce ba na so ba. Hidimar makarantar yara ta cinye shi.

Fadama tana nan. Yaran Yaya suna ci suna sha, matarsa har yau in ta gan ni sai ta yi mini addu'a, ni kuwa sai in rasa inda zan sa fuskata. Duk kakar albasa yana aiko mini da buhu a bayan babur, kamar yadda ya saba.

'Yata da take karatu a Sakkwato ta zo hutu, na ba ta labari, amma ban kai ga abin da na faɗa a kotu ba. Ta ce ai irin Kawu suna da yawa a wasu ƙasashe, har suna gare su da Turanci, ta faɗa mini na manta. Ba sa cin nama, ba sa shan nono, ba sa sa fata, ba don addini ba, don tausayin dabba. Ta ce wai a can har muhawara ake yi ko doka ta kare irin wannan ra'ayi yadda take kare addinin mutum, kada a wulaƙanta shi a wajen aiki ko a tilasta masa. Na ce, "Tabɗi! Su da suka ƙoshi." Na faɗa ne don in kashe maganar. Amma ta zauna mini a rai.

Don in na duba, a wajenmu kowane irin ƙin cin nama yana da mazauni. Wanda likita ya hana, ana tausaya masa. Wanda ya ce malaminsa ya sa shi wani wuridi sai ya ƙaurace wa nama, ana girmama shi. Wadda ta ce iskokinta ba sa son naman akuya, ba mai ja da ita, har a dafa mata nata daban. Mutum ɗaya ne ba mu san inda za mu ajiye shi ba: wanda ya ce ya zauna ya yi tunani da kansa, ya ga bai dace ba. Alƙali ya buɗe masa ƙofa a ranar, da bakinsa ya ce in aƙida ce ba zai hana shi ba. Dokar ba ta ƙi shi ba. Ƙanwarsa ce ta tashi ta ce ba aƙida ba ce.

Wani lokaci kuma sai in tashi da faɗa, ni kaɗai a ɗaki. In ce to, a bar shi ya ba da fadama, yara su ci me? Shi ya zaɓi ra'ayinsa, su ba su zaɓa ba. In doka za ta kare abin da mutum ya yarda da shi, wa zai kare waɗanda za su kwana da yunwa saboda shi? Har yanzu ina ganin wannan tambaya ce ta gaskiya. Amma ai da ita ya kamata in tashi a kotu. Da sai in ce, Malam, lafiyarsa lau, ya fi ni hankali, amma ina roƙo a duba yaran nan. Wataƙila alƙali ya samo wata hanya, wataƙila kuma bai samo ba. Ban gwada ba. Na ɗauki hanyar da na san ba ta kuskure.

Bara aka sa auren 'yar babban wanmu, da wani yaro ɗan Goronyo. A al'adarmu uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, ƙanensa ne waliyyi. Yaya ne kaɗai ƙanen uba, kuma shi ya yi wa yarinyar huɗuba ranar da aka haife ta. Tun ana saura mako ya kai babbar rigarsa wajen masu bugu. Matarsa ta ce mini har maimaita abin da zai faɗa yake yi a fadama, kada ya yi tuntuɓe a gaban mutane.

Ranar ɗaurin aure da hantsi ina tsakar gida a bakin tukunya, ina juya naman walima da babban ludayi, mata suna ta shewa. Maza suna waje a kan tabarmi. Ban ji an shafa fatiha ba tukuna sai ga Yaya ya shigo, riga tana ƙyalli, hula a hannu. Ya tsaya nesa da hayaƙin. Na ajiye ludayin na je.

Na ce, "Yaya, lahiya? Har an ɗaura?"

Ya ce, "Ana ɗaurawa. Dangin ango sun yi ma liman magana a kunne. Sun ce sun ji abin da anka hwaɗa gaban alƙali, suna tsoron kar daga baya a ce auren bai ɗauru ba. An sa ɗan baffanmu."

Na ce, "Su wa? Wane maras kunya ne ya ce haka? Bari in hita!" Na fara gyara ɗaurin zane.

Ya ce, "Ki hita ki ce masu mi?"

Na tsaya. Daga waje aka ɗauki fatiha, maroƙi ya fara shela, mata suka rangaɗa guɗa a bayana.

Yaya ya juya hular a hannunsa, ya dube ni ba tare da fushi ba. Ya ce, "Liman ya ce in shigo in huta, kar ciwona shi tashi. Mutane na ta yi mani sannu, wani har ya tambaye ni mi ke damuna, na rasa amsa. Ke kinka san shi. Hwaɗa mani sunanshi, in an sake tambaya in san abin cewa."